Hukuncin Musanya wa Yaro Mai Sikila Jini da Na'ura Tun Bai Kwanta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗana shekararsa takwas, yana da sikila, SS. An yi masa gwajin da ake auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, likitoci suka ce yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Shawararsu ita ce a riƙa musanya masa jini da na'ura kusan kowane wata, a cire nasa a sa masa na wasu. To yaron a ido lafiyarsa ƙalau, yana zuwa makaranta yana wasa. Ƙanin mahaifinsa, wanda ya yi karatun addini, ya ce jini haramun ne, lalura kaɗai ke halatta shi, kuma babu lalura ga mai tafiya da ƙafarsa. Na nemi a ɗauki nawa, likitoci suka ƙi. Shin ya halatta? Idan jinin na wanda ba musulmi ba ne fa, ko na mace, ta zama uwarsa ke nan? Kuma mene ne hukuncin kuɗin da ake biya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyarsa.

Ya halatta, 'yar uwa. Idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar da sakamakon gwajin, kuma akwai jini tantacce da halin yin aikin, to a wurina ya fi kusa da wajibi a kan waliyyinsa.

Kawun yaron ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa. Allah ya haramta jini a Baƙara aya ta 173, da Ma'ida aya ta 3, ya kuma bayyana a An'am aya ta 145 cewa jinin da aka kwarara ake nufi. Sai dai a duk wuraren nan uku an toge wanda ya matsu. Wasu malaman zamani sun ce ayoyin ma ci da sha suke magana a kai, sa jini a jijiya wani abu ne daban. Maganar tana da ƙarfi, amma ba zan ɗora fatawar a kanta ba. Mu bi kawun a kan matsayarsa cewa sai da lalura. Inda ya kauce shi ne wajen gane mece ce lalurar.

Malamanmu ba su ce sai mutum ya fara gargara ba. Shehu Dardir, cikin manyan Malikawa, ya bayyana lalura da cewa tsoron halaka ne ga rai, ko bisa yaƙini ko bisa zato mai rinjaye. Ibnu Juzayy, shi ma malamin Malikiyya, ya faɗa a fili cewa ba sharaɗi ba ne mutum ya jira har ya kai bakin mutuwa. Dalilin a bayyane yake: wanda ya jira har yunwa ta gama da shi, ko an ba shi mushen ba zai iya haɗiyewa ba, rangwamen ya tashi a banza. Shari'a kuma tana kare gaɓɓai da hankali kamar yadda take kare rai. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko rasa wata gaɓa, ko naƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ga ɗan shekara takwas tana iya tafiya da hannu da ƙafa, da magana, da ƙwaƙwalwar karatu, ta kuma bar shi haka har ƙarshen rayuwarsa.

Saura mu duba ko tsoron da likitoci suke yi zato ne mai rinjaye ko kuwa waswasi ne. Wannan ba a littafin fiƙihu ake samun amsarsa ba, sai an koma ga masu sanin abin, kamar yadda Allah ya umarta a tambayi ma'abota sani.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa su yi tauri, suna ɓata bangon jijiya, har manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ƙuntata. Idan hanya ta ƙuntata, jinin yakan ƙara gudu wajen ratsa ta, wannan gudun ne gwajin yake aunawa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya ko ya wuce, yaron ya shiga sahun masu babban haɗari, ko da yana guje-guje a waje. A 1998 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada mai suna STOP. Yara 130 ne masu irin wannan sakamakon, aka raba su biyu: 63 ana ƙara musu jini a kai a kai, 67 ana kula da su yadda aka saba. A cikin waɗanda ba a ƙara wa jini ba, 11 suka gamu da shanyewar jiki. A ɗaya ɓangaren, yaro ɗaya kacal. Bambancin ya kai kashi 92 cikin 100, har aka tsayar da binciken tun wa'adinsa bai cika ba, domin ci gaba da hana rabin yaran jini ya zama zalunci. Duk yaran nan kuwa da ƙafarsu suke tafiya ranar da aka sa su a binciken.

Bayan haka an gwada ko za a iya dainawa idan gwajin ya dawo daidai. Sakamakon ya fito a 2005: cikin yara 41 da aka daina ƙara wa jini, 14 suka koma cikin haɗarin, 2 suka sami shanyewar jiki, alhali babu ko ɗaya a cikin 38 da aka ci gaba da yi wa. A ma'aunin fiƙihu wannan ya wuce waswasi nesa ba kusa ba. Hukunce-hukunce da yawa an gina su a kan zaton da bai kai wannan ƙarfi ba. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da jama'arsa daga Sargu, wani wuri a kan hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, alhali babu wanda ta taɓa a cikinsu, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Wani zai kawo maganar Ibnu Mas'ud cewa Allah bai sanya warakarku cikin abin da ya haramta muku ba. Malamai da dama sun ɗora ta a kan giya, da kuma halin da ake da zaɓi ko amfanin maganin bai tabbata ba. Abin da lalura ta halatta, a wannan halin ya fita daga haramun. Majalisar fiƙihun da na ambata ta faɗa tun 1988 cewa ya halatta a ɗauki abin da jiki yake sabuntawa da kansa, kamar jini da fata, daga wani mutum zuwa wani.

Amma akwai ƙa'ida ta biyu da ke tafiya da ta farko, wato lalura ana auna ta da gwargwadonta. A nan kawun yana da haƙƙin a saurare shi, domin jini ba ruwan sha ba ne. Kowace ledar jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rararsa, sai ya taru a hanta da zuciya. Jikin wanda ake yawan ƙara wa jini yakan fara yaƙar baƙin ƙwayoyin, har samo masa jinin da ya dace ya yi wuya. Ga kuma cututtukan da jini ke ɗauka idan ba a tantance shi ba: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Abin da ya burge ni shi ne likitoci da kansu sun isa ga wannan ƙa'ida ta hanyarsu. A da, da zarar awon ƙarfin jinin majinyaci, wato haemoglobin, ya sauka ƙasa da giram 10 sai a ƙara masa. Wani bincike a Kanada kan majinyata 838 da ke sashen kulawa ta musamman, wanda ya fito a 1999, ya nuna jira har ya sauka ƙasa da 7 bai ƙara mace-mace ba. Sai kuma a 2023 binciken MINT, kan mutum 3,504 masu bugun zuciya, ya nuna alamar cewa su kam tsuke hannu yana iya cutar da su, ko da yake bambancin bai kai a yanke hukunci da shi ƙarara ba. Shi ya sa ban yarda malami ya yanke wata lamba ya ce daga nan lalura ta fara ba. Malami ya faɗi ƙa'ida, likita amintacce ya auna ta a kan majinyacin da ke gabansa.

Na'urar da aka ba ku shawara a kanta tana cikin hanyoyin rage cutarwar. Tana jan jini ta jijiya ɗaya, ta juya shi da sauri har ya rabu gida-gida gwargwadon nauyi, ta ware jajayen ƙwayoyin yaron gefe, ta mayar masa da ruwan jininsa haɗe da lafiyayyun ƙwayoyi ta wata jijiyar. Manufar ita ce ƙwayoyin sikila su zauna ƙasa da kashi 30 cikin 100. Tun da ana cirewa gwargwadon abin da ake sawa, ƙarfen ba ya taruwa kamar a ƙarin jini na yau da kullum, jinin kuma ba ya yin kauri. Illarta ita ce tana cin ledoji da yawa, wato jinin mutane da yawa, kuma tana buƙatar jijiya mai kyau. Zaɓi tsakanin hanyoyin biyu na likita ne, hukuncinsu a shari'a ɗaya ne.

Cikin auna lalura akwai tambayar ko da akwai makwafi. A 2016 aka wallafa binciken TWiTCH kan yara 121, ya nuna cewa yaron da ya yi aƙalla shekara ɗaya ana ƙara masa jini, kuma hoto ya nuna jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ba su lalace sosai ba, ana iya mayar da shi kan maganin haidiroksiyuriya a hankali, kariyar ba ta ragu ba. Ki tambayi likitansa ko ɗanki zai shiga wannan sahun da kuma yaushe. Ranar da suka tabbatar maganin ya wadatar, dalilin jinin ya kau. Kafin wannan ranar, kada ku daina da kanku don kun ga ya murmure. Idan kuma babu jini tantacce ko babu halin ci gaba, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, ku tafi ga abin da likita ya ce shi ne mafi kusa.

Na ce ya fi kusa da wajibi saboda yaro ba shi da ikon zaɓa wa kansa. Baligi mai hankali yana iya ƙin wani magani ya yi haƙuri da ciwonsa a wasu halaye. Waliyyi kuwa amana aka ba shi, tasarrufinsa yana rataye da maslahar yaron. Wancan zama na 1992 ya faɗa cewa ba a la'akari da ƙin amincewar waliyyi idan cutarwarsa ga wanda yake riƙo a bayyane take.

Ƙin karɓar jininki da suka yi daidai ne, kada ki sa shi a ranki. Yaro ba ya zama SS sai ya gaji S daga uwa da uba, don haka ke da mahaifinsa kuna ɗauke da shi, su kuwa jinin da babu S suke nema. Jinin dangi na kusa kuma yana da nasa haɗarin, yana iya kawo cikas idan wata rana aka so yi wa yaron dashen ɓargo daga ɗan uwansa. Abin da ake dubawa shi ne dacewar rukunin jini da tsabtarsa daga cuta.

Addinin mai jinin ba ya shiga maganar. Allah ya karrama 'yan Adam baki ɗaya, imani da kafirci kuma ba a cikin leda suke tafiya ba. Haka nan jinin mace ba ya mayar da ita uwarsa. Ayar Nisa'i ta 23 ta rataya haramcin aure ga shayarwa, shayarwa kuwa da nono ake yin ta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1989, ta yanke cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa ko da yaron bai kai shekara biyu ba.

Batun kuɗi yana buƙatar a bambance. Buhari ya ruwaito daga Abu Juhaifa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin jini. Don haka bai halatta mutum ya yi cinikin jininsa ba. Wancan zama na Makka ya ce idan mabuƙaci ya rasa mai ba shi kyauta, ya halatta ya biya, laifin yana kan mai karɓa, kuma babu laifi a yi wa mai bayarwa kyauta ta ƙarfafa gwiwa wadda ba ciniki ba ce. Kuɗin da asibiti ke karɓa na gwaje-gwaje, da leda, da ajiya, da aikin na'ura ladan aiki ne, halal ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma masu bayarwa don raɗin kansu take kira a dogara da su, domin wanda kuɗi ya kawo yakan ɓoye ciwonsa.

Ba ki tambayi azumi ba, amma zai zo idan ya balaga yana kan wannan jinyar. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Madina a 2018, ta lissafa karɓar jini cikin abubuwan da ke karya azumi, ba da shi kuwa ba ya karyawa. Ranar musanyar ya sha ruwansa, majinyaci ne, ya rama idan likita ya ce jikinsa zai ɗauka. Shi kuma kawun, idan an gwada shi aka ga ba ya ɗauke da S kuma yana da ƙoshin lafiya, ya je ya ba da jini a ajiye wa wani majinyacin, domin ledojin da za a sa wa ɗan ɗan'uwansa daga irin waɗannan hannuwan suke fitowa.

Wallahu a'alam.