Amsa ga Yaya kan awon fili

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonka. Ka ce an yi maka tallan fuloti a bayan gari, ƙafa 50 da 100, awon igiya ne, mai unguwa zai sa hannu, kana tambaya ko sai an kira mai safiyo. To, a kira shi, kuma don Allah tun kafin kuɗi ya bar hannunka.

Ka ga takardar ciniki, iyakacinta ta ce wane ya sayar wa wane, ga shaidu. To ina filin yake? Sai ka ga an rubuta gabas ya yi iyaka da gonar wane, yamma da ɗorawa. Gobe a sare ɗorawar, mai gona ya rasu, magada su raba gado, shi ke nan sai kotu. Abin da safiyo ke hanawa ke nan. Zai zo da na'urar nan da ake kafawa kan ƙafa uku, ko GPS, ya ɗauki lambobin kowace kusurwa, ya binne bikon na siminti mai lamba a kai, ya zana taswira ya buga hatiminsa. An daɗe a Najeriya ana ɗaure awo da wani tushe da ke kusa da Minna, saboda haka ko wani ya tumɓuke bikon cikin dare, lambobin na nan, za a mayar da shi gurbinsa.

Fulotin naka ya kamata ya kai murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Da igiya kuwa, an sha auna wa mutum ya ci layi, ko ya shiga na maƙwabci ƙafa biyu, ba a ganewa sai an zuba fandisho.

Amma abin da ya fi damuna, wallahi, ba ƙafa biyun ba ne. Filin zai iya faɗawa inda gwamnati ta ware wa titi ko makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ido ba ya ganin wannan, daji kawai za ka gani. Da lambobin nan ake zuwa hukumar adana bayanan filaye ta jiha, wato KANGIS in a Kano ne, ko KADGIS a Kaduna, a duba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99. Taswirar safiyo ba ita ce wannan takardar ba, kada a ruɗe ka.

Sannan ba duk mai riƙe da na'ura ne safiyo ba, ka tambayi rajistarsa da SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya. Ranar awo kuma ka gayyato maƙwabta da mai unguwa, a binne bikon a gaban idonsu. In mai sayarwa ya fara cewa akwai wani mai saye yana jira, a yi sauri, ka ce masa ya dakata sai an duba.