Amsa kan fayilolin da za a haɗa da takardar bincike

Malam, ka tambayi wane irin fayil za ka haɗa da takardarka kan ruwan saman Tawa ta Nijar. Alƙaluman ka fitar da su a CSV (fayil ɗin tebur na rubutu zalla), kar ka tura Excel kaɗai. Sai dai ka kula: kwamfutocinmu na Yamai da aka saita da Faransanci suna rubuta 12,5 da waƙafi, su raba ginshiƙai da alamar ";". Abokin aikina a Kano ya buɗe nawa, komai ya cakuɗe a ginshiƙi ɗaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Ka adana da UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta, don ɗ da ƙ su tsira. Kod ɗin R ko Python (harsunan rubuta umarnin kwamfuta) kuwa, bar shi yadda yake, da ɗan fayil ɗin bayani, wato README, mai faɗin sigar da ka yi aiki da ita. Ɗora duka a Zenodo, ma'ajiyar kayan bincike a intanet, za su ba ka DOI (lambar shaida ta dindindin da ake gano aiki da ita) kyauta.