Yarona zai hau tashar yanayi da hunturu, in aika masa maganin sanyi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Unguwar Rogo a Jos. Yarona na karatun yanayi a Amurka, yanzu an ɗauke shi horo a tashar auna yanayi da ke ƙololuwar Dutsen Washinton a jihar New Hampshire, kuma da hunturu zai hau. Wallahi tun da ya faɗa min barci ya ƙaurace min. Wata mai magani ta sayar min da wani gari, wai in yana zubawa a shayi sanyi ba zai kama shi ba, tunda ma ɗan Jos ne ya saba. In aika masa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Ki kwantar da hankali, tashar nan tun 1932 take aiki kuma suna da tsari. Sati ɗaya ake yi a sama, ranar Laraba wata mota mai tafiya kan sarƙa kamar katafila ta kawo masu canji, cikin tashar kuwa da ɗumi da abinci da gado. Wahalar a waje take, duk awa ɗaya sai wani ya fita ya duba sama ya ɗauki awo dare da rana, in kuma gajimare ya rufe dutsen danshin cikinsa daskarewa yake a jikin na'urori, sai a hau da sandar ƙarfe ana dukan ƙanƙarar tana farfashewa.

Amma maganar garin nan Hajiya, dan Allah kar ki aika, kuma kar ya ƙara jin "ai ɗan Jos ne" daga bakinki. Kullum sai na ji wannan magana kuma tana ɓata min rai. Sanyinmu na Disamba da Janairu, in ya yi tsanani ya sauko ƙasa da digiri 10, mu kunna kasko mu ce mun mutu. Can dutsen tsayinsa mita 1,917, bai fi Jos da wani abu mai yawa ba, mu ma muna wajen mita 1,200, amma iskar wurin ce bala'i, a watan Afrilun 1934 sun auna ta tana gudun kilomita 372 a awa. A Fabrairun 2023 sanyin ya kai digiri 44 ƙasa da sifili, da aka haɗa da ƙarfin iska abin da fata ke ji ya kai 78 ƙasa da sifili. A irin wannan rana kunnen da hula ba ta rufe ba cikin ƴan mintuna yake daskarewa, naman mutum ruwa ne a ciki, ba ruwan ƙanƙara da inda aka haife shi.

Irin garin nan yawanci citta ce da kanumfari da masoro. Baki ya yi zafi, zufa ta karyo, mutum ya ji kamar ya fi ƙarfin sanyi, alhali zufar ta jiƙa singiletin auduga kuma jiƙaƙƙen kaya ya fi komai saurin zuƙe ɗumin jiki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaro ya dogara da shi ya cire safar hannu "minti ɗaya kawai" dan ya ɗaure wani abu. Yatsa in ya fara daskarewa daina ciwo yake, ya yi fari ya yi tauri kamar kyandir, mai shi bai ma sani ba. Mai maganin nan ta taɓa ganin yatsan da ya yi baƙi aka yanke? Ta ji tsoron Allah, kuɗin gari bai kai yatsan ɗan mutane ba.

Ki kira shi ki ce ya sa kaya hawa-hawa, na ulu a jikin fata, ya rufe fuska da ido, kuma in shugabansa ya ce a koma ciki ya koma ba musu. In yatsa ya yi fari kar ya murza, kar ya kara a wuta ko hita, ruwa mai ɗumi daidai jiki zai tsoma, ya faɗa wa na kusa da shi nan take. Cittar ki bar ta a kicin ɗinki, in ya dawo lafiya kya dafa masa shayi da ita.