Amsa ga Alhajin da ke son zaga matsirgan ruwan Siri Lanka a kwana huɗu

Alhaji, barka da war haka. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce in Allah ya kai mu Fabrairu za ka je Kolombo harkar kasuwanci, Hajiya da yara biyu za su bi ka, kana da rarar kwana huɗu, ka jero matsirgan ruwa takwas da kake son ku gani a yankin tsaunuka, kana tambaya ko jirgin ƙasa ya fi ko mota. Ni harkar duwatsu masu daraja ce take kai ni garuruwan Beruwala da Ratnapura a ƙasar, kuma sau uku ina hawa tsaunukan nan, sau ɗaya da iyali.

Takwas ta yi yawa, rage su zuwa huɗu ko biyar. Taswira tana ruɗar mutum a ƙasar nan. Daga Kandi, garin da za ku bi in kun taso daga Kolombo, zuwa Nuwara Eliya da ke can saman tsaunuka kusan kilomita 80 ne, kamar Kaduna zuwa Zariya, amma sai da muka ci kusan awa uku. Hanyar kwana ce bisa kwana, ana ta hawa, duk wanda ya taɓa hawa Mambila ya san abin da nake nufi. Ƙaramar 'yata sau biyu tana amai kafin mu isa. Ku tafi da leda da lemon tsami, kuma kada a cika wa yara ciki kafin a tashi.

Abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba shi ne damina biyu ce a tsibirin, kuma tsaunukan ne suka raba su. Ɓangaren yamma, wajen Hatton da Talawakele da Ramboda, ruwansa ya fi ƙarfi daga Mayu zuwa Satumba. Ɓangaren gabas, wajen Ella da Badulla da Koslanda, nasa daga Oktoba ne zuwa Janairu. To kai da za ka je a Fabrairu, gabas ce taka: an gama ruwa bai daɗe ba, matsirgai na da sauran ƙarfi, hanya kuma ta fara bushewa. Na yamma a lokacin sun rame. Devon mai mita 97 da St. Clair's mai mita 80 da ka sa a jerinka, daga bakin titi ake hango su can nesa, ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka sha shayi, ka wuce. St. Clair's ma tun da aka gina madatsar wutar lantarki ta Upper Kotmale a samanta ruwanta ya ragu ƙwarai. Ni da na je a wani Maris, sai na ce wannan ce ake ta zuzutawa? Gurara a damina ta fi ta cika ido. Ramboda, mita 109, tana kan hanyarku ta Kandi zuwa Nuwara Eliya, ku tsaya rabin awa ya isa.

Batun jirgi ko mota, ka haɗa su. Ka ɗauki mota da direba daga Kolombo har dawowa, amma kai da iyali ku shiga jirgi a tashar Nanu Oya, wadda ita ce ta Nuwara Eliya, ku sauka a Ella, direba ya tare ku can da kaya. Kusan awa uku ne, kuma shi ne kitsen tafiyar: gonakin shayi, hazo yana shiga ta taga, jirgi yana kutsawa ramukan dutse yana fitowa. Kada ka sayi kujerar ajin farko, tagoginta a rufe suke saboda na'urar sanyi. Ta aji na biyu mai lamba ka nema, kuma da wuri, don wajen wata guda kafin ranar ake buɗe sayarwa, nan da nan take ƙarewa. Ka tambaya tukuna ko layin yana aiki, zaizayar ƙasa takan rufe shi. Za ka ga Turawa suna lilo a bakin ƙofa ana ɗaukar su hoto, ka riƙe yaranka.

Nuwara Eliya kwana ɗaya ya ishe ku. Garin yana sama da mita 1,800, kuma sanyin Fabrairu da asuba ya fi na Jos, alwala da ruwan famfo sai mai ƙarfin hali. Ka tabbatar masaukin yana da ruwan zafi kafin ka biya.

Ella za ku yi sansani, kwana biyu. Ravana tana bakin titin Wellawaya, wajen kilomita shida daga gari, tsayinta kusan mita 25. Ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi cunkoso: motocin haya, masu dafaffiyar masara, masu mangwaro da barkono da gishiri, ga birai suna jiran wanda zai yi sakaci. Wani ya tare ni da faranti cike da duwatsu masu ƙyalli yana rantsuwa daga Ratnapura suke. Na ɗauki ɗaya na ɗaga shi a rana, na juya, na ajiye, na faɗa masa sana'ata. Sai ya yi dariya ya koma kan wata Baturiya. Ku je kafin ƙarfe takwas na safe. Kada kowa ya hau duwatsun gefe, santsi gare su kamar an shafa kuɓewa, kuma mutane sun sha rasa rayukansu a wurin.

Dunhinda, kusa da Badulla, ita zan zaɓa wa Hajiya da yara. Mita 64 ce kawai, amma ruwan yana zubowa a dunƙule ya daki ƙasa ya tashi kamar hayaƙi, daga nan ma ta samo sunanta. Daga inda mota ke tsayawa akwai tafiyar ƙafa ta fiye da kilomita ɗaya cikin kurmi, da hawa da gangara, amma an yi matakala a wuraren da suka yi tsauri. A hanya akwai rumfunan mata masu sayar da wani shayin fure da suke kira belimal, ana ba ka shi da ɗan gutsuren mazarƙwailar dabinon can, ka ciza ka kurɓa. Duk gajiyar nan sai ta sauka. A nan ne kuma matsattsaku ta kama ni. Ban ji komai ba sai da muka dawo mota na ga safata ta jiƙe da jini, na cire takalmi na tarar da ita ta ƙoshi ta yi suntum a idon sahuna. Direba ya ɗauko ƙullin gishiri daga aljihun mota ya barbaɗa, ta saki. Jinin ya daɗe bai tsaya ba, amma ba ciwo. In an yi ruwa daren jiya, ku cusa ƙafar wando cikin safa, a shafa sabulu ko man zafi a ƙwauri.

Sai Diyaluma, wadda saboda ita na zauna rubuta duk wannan. Mita 220, ita ce ta biyu a tsayi a ƙasar. Daga ƙasa, a kan gadar titin Koslanda, za ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. Amma asalin abin yana sama. Ana bi ta hanyar Poonagala, mota ta ajiye ka cikin gonakin shayi, ka gangara da ƙafa wajen rabin awa ta cikin doguwar ciyawa mai ƙamshin lemo. Kana fitowa sai ka ga rafi yana gangarowa daga kwarmin dutse zuwa kwarmin dutse, kowanne kamar an fafe shi da hannu, ruwa garau, sanyi ƙarara. Kwarmi na ƙarshe yana daf da baki, bayansa babu komai sai iska da kwari shimfiɗe har iya ganinka. Na kwanta rub da ciki na leƙa sau ɗaya, ƙafafuna suka ɗauki rawa, na ja da baya ina salati. Babu shinge, babu mai gadi. Ɗan jagoran da muka ɗauka a ƙauyen ya ce mu riƙa kallon launin ruwan: in ya fara jirkicewa ya yi ja, ko ganye ya fara biyo shi, an yi ruwa a can sama ke nan, a fita nan take, ko da rana tana ƙwallewa a inda kake. Ya kuma hana mu kai yamma, don giwaye suna ratsa wajen. Ka ɗauki ɗan jagora, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In yaranka ba su kai shekara goma ba, su tsaya da Hajiya su kalla daga gada, kai ka hau.

Abinci ba matsala. Musulmi sun kai kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen ƙasar, akwai masallatai da gidajen abincinsu a Kandi da Nuwara Eliya da Badulla. Ella garin 'yan yawon buɗe ido ne, can sai ka tambaya, mu kifi da ƙwai da kayan lambu muka riƙa ci. Barkononsu ba wasa, ka ce a rage wa yara. Ka duba kalanda kuma, ranar cikar wata hutu ce a duk ƙasar, poya suke ce mata, in ta haɗu da ƙarshen mako wuraren nan cika suke yi maƙil.

Ranar komawa kada ku sake bi ta Kandi. Ku gangara ta Koslanda da Beragala ku kama titin Ratnapura. A Kalupahana akwai 'yar hanya da ta ratse wajen kilomita biyar zuwa Bambarakanda, mita 263, wadda ta fi kowace tsayi a ƙasar. Siririya ce, kamar farin rawani aka warware daga kan dutse tsakanin itatuwa, in iska ta kaɗa har karkacewa take yi. Awa ɗaya ta isa. Ku bar Ella bayan sallar asuba, don daga nan zuwa filin jirgin saman Kolombo da ke Katunayake tafiyar yini ce, kuma kada ka yarda a sa maka jirgin da zai tashi kafin dare.