Amsa ga ɗan'uwa da tsuntsayen jan baki sunka dama a gonar shinkafa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka cewa jan baki sun sa gonarka gaba, ka kafa mutum-mutumi ka ɗaura ledoji amma ko a jikinsu, kana son sanin lokacin da sunka fi sauka, wallahi sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan shekaru uku da sunka wuce, a fadama ƙasa da dam ɗin Goronyo.

Mutum-mutumi ka manta da shi. Kwana biyu suke tsoronsa, rana ta uku a kan hularsa za su sauka.

Ni na yi latti wajen dashe a noman rani, maƙwabta duk sunka yanke sunka bar tawa ita kaɗai, idon shinkafar na cike da ruwan madara. Na ɗauki wani mutum tsaro, na biya shi kuɗin mako tun kafin ya fara, abinci kuma daga gidana ake kai mishi. Ranar da anka yi mana rasuwa a Wurno har rumfar na same shi, na ce don Allah kada ka ɗaga yau. Ya ce in tafi hankali kwance. Da la'asar na dawo, tun daga nesa na hango wani abu kamar hayaƙi yana murɗawa a kan gonata. Rumfa ba kowa, igiyar gwangwanaye a ƙasa, kwanon tuwo a rufe. Na shiga ina ihu har muryata ta dishe, su tashi nan su sauka can. Na kama zangarniya na murza, ba komai sai ƙaiƙayi da farin ruwan da sunka matse ya bushe a jiki. Na zauna bakin kunya na yi kuka, ban ɓoye ba. Ashe kasuwa ya tafi. Da na same shi da dare, cewa ya yi ai tsuntsu ma rabonsa ya ci. Ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau in mun haɗu a masallaci sai na yi ta'awwuzi kafin in miƙa mishi hannu.

Bayan nan ne na zauna ina kallon tsuntsayen. Da gari ya waye suke fitowa, su ci har hantsi. In rana ta take sai su shige inuwar ƙaya kusa da ruwa suna ta surutu, la'asar su dawo har faɗuwar rana. To safiya da la'asar ɗin nan kada ka bar wa yaro, ka tsaya da kanka da majajjawa. Lura da yadda suke ci: na baya su tashi su tsallake na gaba su sauka, haka garken ke mirginawa. In ka bari na farko sunka zauna, saura duk za su bi su. Tun suna sama za ka kore su. An ce guda yana cin giram 10 a rana, amma abin da suke kakkaɓewa ƙasa ma ba kaɗan ba ne.

Kuma ba shinkafa sunka fi so ba, 'ya'yan ciyawar daji ne abincinsu. Shi ya sa gona mai haki ke jawo su. Ka cire ciyawa, har ta gefen kunya.

Da magariba ka bi inda sunka nufa, za ka ga makwancinsu. Ni na bi su har cikin wata sarƙaƙiyar ƙaya a bakin gulbin Rima. Da damina na ga sheƙunansu a irin wannan wuri, reshe guda ya fi goma, maza masu baƙar fuska su ke saƙa da ɗanyar ciyawa, bakin matan kuma ya koma rawaya. Kwana 10 ƙwai ya ƙyanƙyashe. Allah mai iko. In za a kai rahoto don feshi, makwancin za ku nuna, amma a kula, maganin ba ya bambanta jan baki da balbela. 

Baɗi ku haɗa baki da maƙwabta ku dasa lokaci ɗaya. Bana kuwa, in da hali ka sayi raga ko ta rufe kusurwar da ta fi nuna. Gaya mani wajen da gonarka take da kwanakin da sunka rage ka yanke. Allah Ya tsare maka ita.