Tambaya da Amsa: Wane mai ya dace da usur ɗin farauta na itace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sassaƙa usur na kiran fakara da zabin daji da itacen maɗaci. Na shafa musu banish sun yi ƙyalli, amma kafin kaka ta ƙare banish ɗin ya fara ɓarewa a bakin, muryar ma ta dushe. Me zan shafa? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke cin usur daga ciki yake: numfashi da yawun mai busa. Banish fata ce kawai a saman itace. Danshi ya shiga ta ramin da ba a shafa ba, itacen ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta tsotse shi ya motse, sai fatar ta tsage. Muryar kuwa, banish ɗin da ya gangara ya taru a gefen hudar iska ne ya dusashe ta, don kaifin wannan gefen shi ke yanka iska. Ga ƙyalli kuma, wanda tsuntsu ke hangowa tun daga nesa.

Mu dai dafaffen man linsid, wato man ƙwayar tsiron flax da ake shafa wa katako, muka fi yarda da shi, saboda shiga yake cikin naman itacen ya daskare. Masu sayar da kayan fenti a kasuwar Sabon Gari za ka tambaya.

Ka tabbata itacen ya bushe sarai. Goge shi da sanfefa mai lamba 120, sai 220, ka ƙare da 400, amma kar ka taɓa gefen hudar iska. Shafar farko, ka haɗa cokali ɗaya na mai da cokali ɗaya na tafentain, wato ruwan tsinka fenti, don ya tsinke. Shafa waje da tsumma, cikin ramin kuma da gashin kaza. Bayan minti 20 ka goge duk abin da bai shige ba, har sai ka murza da yatsa ba ka ji maiƙo ba. A nan mutane suke kuskure: man da aka bari a sama danƙo yake zama, ya yi ta kama ƙura. Maɗaci yana shan mai, zai ɗauki shafa uku ko huɗu, kwana ɗaya tsakani a lokacin rani, kwana biyu ko uku da damina. Ƙirya da kanya sun fi tauri, biyu ta ishe su. A inuwa za ka shanya, rana tana tsaga ƙaramin itace.

Dafaffen linsid yana da sinadarin busarwa, saboda haka ka bar usur ɗin ya yi wata guda kafin ka kai shi baki, warin ma ya fita. Wurin leɓe kuma, narka kakin zuma kashi ɗaya a man farafin na kemis (na magani, ba kananzir ba) kashi huɗu, ka murza kaɗan ka goge.

Man gyaɗa yakan yi ɗoyi a cikin itace, man kaɗanya kuwa ba ya bushewa, ka bar su a madafa. Tsumman da ka yi aiki da shi, don Allah kar ka dunƙule shi ka jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. Shimfiɗa shi a ƙasa a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a bokitin ruwa.