Yadda za ku haɗa shirin tunawa da marigayi ma'aikacin rediyo

Malam, ka tambayi yadda za ku haɗa shirin tunawa da ma'aikacin rediyon garinku, wanda kuma jagora ne a unguwa. Allah ya jiƙansa.

Ku fara neman izinin iyalansa, sannan ku nufi ma'ajiyar tashar domin neman tsofaffin kaset na muryarsa. Tsohon kaset kada a saka shi a rikoda kai tsaye, danshi kan sa zaren ya manne ya tsinke. A fara juya shi da biro a hankali, a goge kan rikoda, wato ƙarfen da zaren ke bi ta kansa, da sifirit, sannan a kwafe a kwamfuta a tsarin adana sauti na WAV, domin tsarin MP3 na rage ingancin murya. Sulhun da ya yi tsakanin jama'a kuwa ba ya cikin kaset, sai kun zauna da mai unguwa da liman.